Shamuwa Ta Iso, Maigida Ma Yana Hanya



'Yar'uwa, in kina Dutse ko Kiyawa ko Jahun, ɗaga kai ki dubi tsamiyar unguwarku cikin bazarar nan. Shamuwa ta iso. Duk tsawon rani tana can gabashi da kudancin Afirka tana kiwon fara, sai ga ta cikin Afrilu ko Mayu, gab da saukar ruwa. Allah (SWT) Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa tsuntsaye ma al'ummu ne kamar mu. Ke nan kallonsu da lura ba ɓata lokaci ba ne.

Ni kam na sha zama bayan la'asar ina kallonsu. Bishiya ɗaya, sheƙa rututu, amma kowane biyu sun san tasu. Wannan ya kawo tsinke, wannan ta karɓa ta gyara. In an yi ƙwai biyu ko uku, kwancin ma karɓa-karɓa ake yi har kusan wata guda. Akwai ma wani tsuntsun teku a dutsen Bass na ƙasar Sikotilan, ganet, wanda duk sanda ɗaya ya dawo daga kamun kifi sai sun miƙe sun goga baki sun gaisa, ko da shekarunsu nawa tare.

To, lokacin shamuwa shi ne lokacin da 'yan ci-rani ke dawowa noma. Wata huɗu ko biyar ke kaɗai da yara, ga bashin mai shago, ga ɗaki na jiran yaɓe. Wallahi na san zuciya ta cika. Amma wasunmu tun bai sauke jaka ba ake karanta masa lissafi, daren farko ya ƙare da gaba, wani lokacin har da saki.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare, don matar ta samu ta kimtsa. Dubi yadda Musulunci ya damu da wannan haɗuwa ta farko! Maigida ya aiko da ranar isowa, ke kuma ki shirya tarba.

Ba cewa nake ki yafe haƙƙinki ba. Ciyarwa wajibi ce a kansa, kuma maganar bashin nan dole a yi ta. Ki dai bari ya sha fura, ya yi wanka, ya ga 'ya'yansa, ya kwana. Da hantsi, in yara sun tafi Islamiyya, sai ki ɗauko takardar mai shago ku zauna.