Ranar Da Waya Ta Yi Shiru

Yau tambaya ɗaya na zo mana da ita, kuma ina roƙon kowacce ta amsa wa kanta tsakani da Allah: in aka wayi gari wayar nan da ke hannunki ta daina magana, me zai rage miki?

Kada ki ce ai haka ba za ta taɓa faruwa ba, domin kuwa mu nan Karfi da idonmu muka gani. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, 'yan kwanaki bayan an yi irin haka a Zamfara. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne, da waya ɓarayin daji ke magana da masu kai musu rahoto daga cikin gari, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. Sai a watan Disamba aka fara maido mana da layi. Kusan wata uku ke nan cur, kuma daidai lokacin kaka, sa'ad da ake cire masara ana yankan waken suya.

A watannin nan ne kowa ya gane iyakar abin da ya damƙa wa waya. Matar da maigidanta ke ci-rani a Legas ta rasa yadda zai aiko mata da kuɗin cefane, don mai POS ma ya naɗe tabarmarsa. Manomi ya sai da buhunsa a ƙofar gida bai san nawa aka saya a kasuwar Dandume ba. In naƙuda ta tashi cikin dare, sai dai a tura yaro da gudu ya buga ƙofar mai mota. A yi rasuwa a dangi, ba za ki ji ba sai an yi sadakar uku. Wasu sai sun biya kuɗin mota sun je inda sabis ke leƙowa kafin su ce wa ɗansu "kana lafiya?" Su kansu mutanen ƙauye da aka yi abin don kare su, in an kawo musu hari ba su da hanyar kiran agaji.

Abin mamaki fa, wayar nan jiya-jiya ta zo. A 2001, zamanin Obasanjo, MTN da Econet suka fara aiki a ƙasar nan, kuma a lokacin layi kaɗai sai mai hali. Kafin nan sai wayar NITEL ta gidajen manya da ofisoshi. Iyayenmu wasiƙa suke ba direba a tasha, wadda ba ta iya rubutu ba ta ɗauki maganarta a kaset, wata kuma ta aika gaisuwa ta Rediyon Kaduna. Shekara 20 kacal tsakanin zuwan waya da ɗaukewarta, amma har mun manta yadda ake yi.

To amma fa kada wata ta ɗauka ina cewa a jefar da waya. Haba, wa zai ƙi alheri? Mace tana ɗakinta, ba ta taka ko zaure ba, ta tallata turaren wuta da atamfa a WhatsApp ta sami na sabulu. Yarinyar da aka kai aure Zariya ta ji muryar uwarta kullum safiya. Ku tuna farkon 2023, bayan Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. A lokacin wadda ke da asusu a waya ita ta ɗora tukunya, wadda ba ta da shi kuwa ta sha wuya ko da tana da abin sayarwa. Kin ga ke nan, a 2021 rashin waya ya wahalshe mu, a 2023 kuma waya ce ta fisshe mu.

Saboda haka dogaro da waya shi kansa ba laifi ba ne. Ai ɗan Adam da dogaro aka halicce shi: jariri na dogaro da nono, manomi na jiran ruwan sama. Inda gizo ke saƙar shi ne, wayar a hannunki take amma ikonta ba naki ba ne. Ƙarfen sabis na kamfani ne, cajin na mai janareto ne a bakin titi, umarnin rufewa kuma na hukuma ne. Zanen aro ce, Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai hankali takan ɗaura na aro ta je biki, amma ba ta kyautar da nata na cikin akwati.

Dubi manominmu. Duk yadda masara ta yi kuɗi, ba ya share rumbu tas, sai ya ware iri ya ɓoye. Mu kuwa mun kwashe komai mun zuba wuri guda. Lambar waya ƙwaya 11 ce, amma mu nawa ne za mu iya kawo ta mahaifiyarmu da ka? Uwar adashi ta adana lissafin kuɗin mutane a waya, in ta faɗa rijiya ina amanar jama'a? Ko a tsaya a yi ta rantse-rantse, zumuncin shekaru ya lalace a kan naira dubu biyu?

Wanda ya fi ciwo shi ne na maƙwabtaka. Wata tana da ƙawaye rututu a Facebook, daga Kano har Saudiyya, amma rabonta da leƙa gidan da suka haɗa katanga tun sallar bara. Ran da layi ya ɗauke, ko ɗaya cikin ƙawayen nan ba ta san halin da take ciki ba. Maƙwabciyar da ta raina ita ce ta ara mata gishiri, ita ta riƙe ta ranar haihuwa. Wadda ta saba zuwa dubiya da barka da ƙafarta, ba ta ji kunyar buga ƙofa ba ran da buƙata ta taso. Wadda kuwa ta mai da gaisuwa saƙon waya kawai, da nauyin baki ta shiga. Ashe da gaskiyar magabata da suka ce zumunta a ƙafa take.

Don haka 'yar uwa, ga shawara, ba tilas. Ki sayi ɗan littafi ki rubuta lambobin da ba ki iya rayuwa sai da su, ki haddace ko guda uku. Bashi da adashi su shiga takarda, da shaida. Ki ɗan ƙulle wani abu a bakin zane ko da asusunki cike yake. In maigida ya shigo ko yaro na miki magana, ki kife wayar ki dube shi, don wanda ke gabanki ya fi wanda ke cikin gilashi haƙƙi a kanki. Sannan ko sau ɗaya a mako, ki nemi izini ki yafa mayafi ki gaida wadda ƙafa za ta iya kai ki wurinta. Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya kiyashe mu da sake ganin irin waɗancan watanni, Ya bar zumunci. Amin summa amin.