Kama Da Wane Ba Ta Wane

'Yar'uwa, da damina idan kika lura da gefen tsakar gida inda rairayi ya taru, za ki ga wani ƙwaro mai siririn ƙugu yana tonon ƙasa da ƙafafun gaba, yana watso ta baya. Yawancinmu da mun gan shi sai mu ce rina ce, mu rarumi takalmi. To ba rina ba ce. Ita rina a rataye take yin sheƙa, su da yawa, in kin matsa kusa su yi miki taron dangi. Ba kuma zanzaron nan ba ne mai ɗebo laka ya yi gini a bango, ko da yake 'yan'uwa ne.

Wannan zaman kaɗaici take yi. Macen ce ke haƙa rami, ta samo gyare ko fara, ta harbe shi ya sandare amma bai mutu ba, ta ja shi ciki, ta saka ƙwai a jikinsa, ta toshe ramin. Abincin ɗanta ke nan in ya ƙyanƙyashe. Ba ta cika harbin mutum ba sai an damƙe ta, namijin kuwa ko ƙari ba shi da shi. Amma takalmi bai san duk wannan ba.

Masana ƙwari ba su yarda da kallo ɗaya ba. Tun 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Liniyas, ya raɗa wa wannan dangi suna Sifekis, kuma ire-irensu sun haura 100. Kafin a ce wannan iri kaza ne, sai an duba jijiyoyin fiffike da tsawon ƙugu da launin gashin jiki a madubin ƙara girma. Duk wannan wahala a kan ƙwaro!

Mu fa, minti nawa muke ɗauka kafin mu gama karanta mutum? Kishiya, uwar miji, matar uba, bazawara. Da an ambaci sunan an gama shari'a. Amarya ba ta ko kwance kayanta ba an riga an ce muguwa ce, ita ma ta shigo da shirin yaƙi saboda an ce mata uwargida ba ta son kowa. Kowacce tana faɗa da suna, ba su ma ga juna ba tukuna.

Na san wata za ta ce, ai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne, kuma ba zan ce ki tura ɗanki wasa da kowane mai siririn ƙugu ba. Yin hattara haƙƙinki ne. Amma ja da baya daban, ɗaga takalmi daban. Na farko bai cuci kowa ba, na biyu kuwa hukunci ne, kuma hukunci sai da shaida.

Kai, ko an gane irin ma, magana ba ta ƙare ba. Wani malamin makaranta a Faransa, Fabar, wanda ya rasu a 1915, ya lura cewa wani irin Sifekis kan ajiye gyarenta a bakin rami, ta shiga ta duba, sannan ta fito ta ja shi. Tana shiga sai ya ɗan matsar da gyaren. Ta fito, ta mayar da shi bakin rami, ta sake shiga dubawa. Haka suka yi ta yi har wajen sau 40, shi ne ma ya gaji. Da irinmu ne, shi ke nan an gama, a ce duk jinsin dolaye ne, kamar yadda muke cewa duk dangin miji halinsu ɗaya.

Shi bai tsaya nan ba. Daga baya ya tarar da wasu, irinsu ɗaya sak, a wani wuri mai nisa, ya sake gwada dabararsa. Sau biyu ko uku kawai ta yi aiki. Daga nan ƙwaron ta cafki gyarenta ta shige da shi rami kai tsaye, ta bar malam a tsugune.