Shaidar Ido Da Fim Ɗin Kanoon

Ran kasuwar Kalgo na ga an damƙe wani yaro, wai ya saci akuya. Mutum guda ne kurum ya rantse ya gan shi da idonsa, sai kowa ya gamsu. Nan take na tuna da Kanoon, wani tsohon fim na Indiya da B. R. Chopra ya yi a 1960, wanda babu waƙa ko ɗaya a cikinsa.

Ga labarin. Wani lauya ya ga alƙali, uban yarinyar da zai aura, ya kashe wani mai ba da bashi da ruwa. Aka kama ɓarawon da ya shiga gidan sata, aka ɗora masa kisan, aka gurfanar da shi gaban alƙalin nan. To, lauya ya yi shiru a rataye talaka, ko ya tona asirin surukinsa? Nan ƙarfin fim ɗin yake.

Amma ƙarshensa ya ba ni haushi. Ashe wani mai kama da alƙalin ne ya yi kisan! Chopra ya wanke babban mutum, ya tsere wa tambayar da shi kansa ya tayar. Duk da haka ya nuna ido ma yana ruɗuwa. Mu da muka tashi a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai littafin Diya'ul Hukkam, tun muna yara muke ji shari'a tana neman shaidu biyu adilai.

Yaron nan kuwa, ana jan sa ana duka na wuce, ban ce uffan ba.