Maƙwabci Da Sanda A Hannu

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa maƙwabci yana da haƙƙi a kanmu. Abin da ba a warware mana ba shi ne: in mun ji maigida yana zaluntar iyalinsa, shin ya halatta mu haura katanga? Wannan ita ce tambayar da ke fuskantar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, duk lokacin da soja ya ƙwace mulki a ɗaya daga cikin ƙasashenta.

A ranar 25 ga Mayu 1997 sojojin Manjo Johnny Paul Koroma suka hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo, wanda jama'a suka zaɓa a 1996. Rundunar ECOMOG, wadda akasarin dakarunta 'yan Nijeriya ne, ta fatattake su, Kabbah ya koma kujerarsa a watan Maris na 1998. To, wa ya tura rundunar? Janar Sani Abacha ne, soja mai mulki da bakin bindiga, alhali Cif Abiola yana tsare tun 1994. Masu suka sun ce wanda bai share gidansa ba, ina shi ina sharar gidan wani? Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma a ganinmu ba ta kai ga gindin zancen ba. Wanda ruwa ya ci ba ya tambayar halin mai miƙo masa igiya.

Abin dubawa na haƙiƙa shi ne kan wa sandar ta sauka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe iyaka. Janar Tchiani bai kwana da yunwa ba. Waɗanda suka ji jiki su ne fataken Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, da majinyatan da magani ya yi musu tsada, mutanen da babu wanda ya nemi shawararsu kafin a tsare Shugaba Bazoum. An shiga gida don ceton iyali, sai duka ya ƙare a kansu.

Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Bazoum yana nan a tsare. A Janairun 2025 kuwa Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.