Wa Suke Bi?

Karatu: Yohanna 3:22-30, Ayyukan Manzanni 8:9-24



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani matashi daga cikin mawaƙanmu ya tare ni a ƙofar majami'a, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba, ka sa mini hannu a kan wannan shafin, mabiyana su ƙaru. Saura kaɗan a fara biyana." Yaron kirki ne. Da damina yana gona tare da mahaifinsa, da dare kuma yana ɗora waƙoƙin yabo da hotunan masararsa a Facebook da TikTok. Na karɓi wayar na ce masa, "Ɗana, zan yi maka addu'a. Amma ka fara amsa mini tambaya ɗaya. Idan mutanen nan suka biyo ka, ina za ka kai su?" Sai ya yi shiru.

Tambayar nan ce nake so mu ɗauka tare yau, domin yanzu babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Matasa suna ciki, 'yan zumuntar mata suna ciki, mu masu wa'azi ma muna ciki tsundum.

Bari in fara da kwantar muku da hankali. Samun kuɗi ta waya ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, yana ci daga aikin hannunsa yana kuma wa'azi. 'Yar'uwar da ke sa hoton man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta a WhatsApp, ciniki take yi kamar mai kasa kaya a kasuwar Malumfashi. Ɗan'uwan da ke nuna wa manoma yadda ake gane tsutsar masara tun ba ta cinye gona ba, hidima yake yi. Idan lada ya biyo baya, ya ci da godiya.

Sai dai kowace sana'a tana bukatar mai yin ta ya san yadda take. A YouTube, hanyar da aka fi sani ta fara samun kuɗin talla ita ce mutum ya tara mabiya 1,000, a kuma kalli bidiyonsa na awa 4,000 cikin wata 12. Idan ya kai, kamfanin yakan ba shi kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, kuma ba a turo kuɗin sai ya taru ya kai dala 100. A shekarar 2024 kamfanin Meta mai Facebook shi ma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla. Ban da wannan, akwai 'yan kasuwar da ke biyan mai mabiya da yawa ya tallata musu kaya da bakinsa.

To, me mai talla yake saye? Idanun mutane da lokacinsu. Shi ya sa na'urar kamfanin take ƙara tura duk abin da ke riƙe ido ya daɗe. Kun kuma san abin da ke tara jama'a da sauri a bakin hanya. In mutum biyu suka kaure da faɗa a tashar Funtua, kafin ka ƙifta ido an yi cincirindo, amma mai koyar da gaskiya sai ya yi haƙuri. Haka yake a cikin waya. Zagi, tonon asiri, tsiraici da labarin tsoro sun fi saurin gudu. A nan jarabar take, a nan kuma mai bi zai nuna na wane ne shi.

Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, shafin nan gonar aro ce. Mu manoma mun san yadda gonar aro take. Ka yi sharar gona, ka zuba taki, ka yi huɗa, shekara ta zagayo mai gona ya ce yana son abinsa, ba ka da ta cewa. Mu mutanen wannan yanki mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2021 aka yanke sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Makonni suka yi ta wucewa waya ta zama tocila kawai. Mai son yin kira sai ya hau mota ya nufi inda akwai sabis. A cikin wannan lokacin ne kuma, ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. Twitter kuwa gwamnati ta rufe shi a Najeriya daga Yuni 2021 har Janairu 2022. Babu wanda aka nemi izininsa. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Zan ba ku shaida a kaina. Kafin a yanke sabis ɗin nan ina da shafin da nake ɗora wa'azi. Da na sauko daga bagade, kafin in gaisa da dattawa, sai in zaro waya in duba mutum nawa suka kalla. Da sabis ya ɗauke sai na ji wa'azi ya yi mini nauyi, kamar babu mai saurare, alhali ga tsofaffi da mata da yara zaune a gabana, wasu sun tako daga ƙauye da ƙafa cikin fargabar hanya. Wata rana da asuba ina addu'a, Ruhu Mai Tsarki ya kai ni 1 Tarihi sura 21, inda Sarki Dawuda ya sa aka ƙirga jama'ar Isra'ila. Yowab ya ja hankalinsa bai ji ba, abin kuwa ya jawo annoba. Mutanen na Allah ne, Dawuda ya ƙirga su kamar dukiyarsa. Na durƙusa na tuba da hawaye.

Wannan ya kawo mu abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Mutanen da ke bin shafinka ba naka ba ne. Rayuka ne da Yesu ya zub da jininsa dominsu.

Ku dubi karatunmu na yau. Yohanna Mai Baftisma yana da taro. Mutane suna barin garuruwansu suna fita jeji don su ji shi. Sai wata rana almajiransa suka zo masa da ƙorafi, cewa mutumin nan da ka yi wa shaida ga shi yana baftisma, jama'a duk sun koma wurinsa. Da a yau ne da mun ce mabiya suna zubewa, a yi wani abu. Yohanna bai ɗaga hankalinsa ba. Ya tuna musu cewa duk abin da ke hannunsa daga sama aka ba shi, ya kuma kamanta kansa da abokin ango. Kun san abokin ango a bikinmu. Shi ne mai kai da komowa, shi ne mai tarbar baƙi, shi ne ba ya barci. Amma da aka kai amarya ɗakinta, aikinsa ya ƙare, ya koma gida da murna. Abokin angon da ya fara sa wa amarya ido kuwa ya ci amana. Yohanna ya yarda sunan Yesu ya hau, nasa ya sauka.

A sura ta farko ta Bisharar Yohanna, da bakinsa ya nuna wa almajiransa biyu Yesu, suka bar shi suka bi Ubangiji. Ɗaya daga cikinsu Andarawus ne, wanda ya je ya kawo ɗan'uwansa Bitrus. Yohanna ya rasa mutum biyu, ikkilisiya ta sami manzon da ya yi wa'azi ranar Fentikos har mutum wajen 3,000 suka tuba. Halleluya!

Ga kuma wani mai taro a Samariya, Siman mai sihiri. Babba da yaro suna sauraronsa, yana ɗaukar kansa wani ne. Da Filibus ya kawo bishara, Siman ya ba da gaskiya har aka yi masa baftisma. Amma da ya ga ana karɓar Ruhu Mai Tsarki ta wurin ɗora hannun manzanni, sai ya zaro kuɗi yana so ya sayi ikon. Ya shigo ikkilisiya, amma tsohuwar yunwar a san da shi tana nan a zuciyarsa. Bitrus ya tsawata masa ƙwarai, ya ce ya tuba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, duk mai shafi yana tsaye ne tsakanin Yohanna da Siman.

Ni kaina na taɓa karkata wajen Siman. Mun je wa'azi wani ƙauye, aka kawo wata mata marar lafiya, muka yi mata addu'a ta miƙe tsaye. Wani yaro ya ɗauki bidiyo, ni kuma a daren na ɗora shi ba tare da na tambaye ta ko mijinta ba, na rubuta cewa ta warke sarai. Bidiyon ya yi gudun da babu wa'azina da ya taɓa yi. Bayan kwana kaɗan mijinta ya zo gidana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ciwon da muka ɓoye wa dangi yanzu har yara suna nuna ta a rijiya. Kuma jiya mun koma asibiti." Na goge bidiyon nan take, amma ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Magana zarar bunu ce. Na je har gida na roƙi gafararta. Na gaskata Yesu yana warkarwa, na gani ba sau ɗaya ba. Amma ranar nan na sayar da mutuncin 'yar'uwata don a yabe ni, na kuma ƙara gishiri a shaidar da ta Allah ce.

Saboda haka ga gargaɗina ga duk mai son shafinsa ya girma cikin tsoron Allah.

Ka shuka abin da ka sani, ka kuma yi haƙurin manomi. In waƙa Allah ya ba ka, yi waƙa. In noman waken soya ko tumatir ka iya, koyar da shi da Hausa mai sauƙi, a kai a kai. Kada ka sayi mabiyan bogi, wannan daidai yake da cika buhu da ƙaiƙayi a ɗora hatsi a baki. Ko Yesu, da ya faɗi magana mai wuya bayan ya ciyar da taro da gurasa, da yawa suka juya baya, bai kuwa sassauta gaskiya don ya dawo da su ba.

Ka tsare mutanen da ke kewaye da kai. Kada ka ɗora hoton kowa sai da yardarsa, balle marar lafiya, gwauruwa ko marayan da ka taimaka wa. A Matiyu sura 6 Ubangiji ya koya mana mu yi sadaka a ɓoye. Ka tuna kuma masu satar mutane su ma suna da waya. Kada ka nuna wa duniya buhu nawa wane ya kai kasuwar Dandume, ko ranar da za a yi girbi a gonar wane. Labarin hari da ba ka tabbatar ba, kada ka tura shi. Kada ka zagi addinin maƙwabcinka don ka tara masu kallo. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, kuma wutar da ka kunna da yatsa ɗaya ba gidanka kaɗai za ta ci ba.

Ka auna kowace talla da mudun gaskiya. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Allah yake ƙyamar ma'aunin algus. Wanda ya biya ka talla, amincin da mutane suke ba ka ne yake saye. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ma haka a Afrilu 2025, kuma da yawa sun shiga ne don wani da suka amince da shi ya ce su shiga. Takin da ba ka zuba a gonarka ba, maganin da ba za ka ba ɗanka ba, cacar da ke cinye kuɗin makarantar yara, kada bakinka ya tallata su ko nawa za a ba ka. Addu'a da annabci kuwa ba kayan sayarwa ba ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya yi maka addu'a, ka tuna da Siman.

In kuɗi ya shigo, ka fitar da zakkarka, ka gaya wa matarka, ke ma ki gaya wa mijinki. Ka mai da wani abu cikinsa ya zama akuya, buhun taki ko kuɗin makaranta. Kada ka yar da fartanya don dala ta shigo sau ɗaya. Kuma da safe, ka buɗe Littafi Mai Tsarki kafin ka buɗe waya.

Matashin nan ya dawo wurina bayan mako biyu. Ya ce an yi masa tayin tallar wata harka ta "zuba kaɗan ka kwashi da yawa", kuɗin da za a ba shi ya isa taki na damina guda, amma ya ƙi. Ya ce, "Baba, na sami amsar tambayarka. Wurin Yesu zan kai su." Sai na ɗora hannu a kansa na yi addu'a, ban ɗora a kan wayar ba.

Kai fa? Ke fa? Ka ɗauki wayarka yau ka duba abubuwa goma na ƙarshe da ka ɗora. In akwai wanda ba za ka iya nuna wa Ubangiji ba, ka goge shi. In akwai wanda ka ɓata wa suna, ka je ka same shi kafin Lahadi.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode don muryar da ka ba ni da mutanen da suke saurarona. Ka gafarta mini inda na ƙirga su kamar dukiyata. Ka tsarkake yatsuna da harshena da jinin Yesu. Na ƙi ruhun kwaɗayi, na ƙi ruhun neman suna. Ka albarkaci aikin hannuna da abinci mai tsabta, ka sa duk wanda ya biyo ni ya iske Ɗanka. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.