Mota Mai Gudu: Wa Ke Biyan Kuɗin Daɗinta?

Ranar hawan sallah a Bauchi, idan mahaya suka saki linzami suka doshi ƙofar fada a sukwane, ƙura ta turnuƙe, suka ja suka tsaya cak suka yi wa Sarki jinjina, ba a jin wani ya ce an yi ɓarna. Dokin nan ba ya noma, ba ya dakon kaya. Shekara guda ana ba shi dawa da harawa da kanwa, an saya masa sirdi da jalala da likkafa, duk don 'yan kwanakin ado da gudu. Malamai na cikin 'yan kallo. Amma washegari saurayi ya biyo Titin Ahmadu Bello cikin Marsandi C300, inji na gurnani, sai majalisa ta ɗauka: duniya ta ruɗe shi.

Ko dai ana zaluntar saurayin, ko kuwa akwai bambanci tsakanin dokin da motar wanda 'yan majalisa suke ji a ransu amma ba su kai ga faɗinsa ba.

Wanda ya shiga nassi yana neman hujjar tsine wa son abin hawa mai kyau zai fito hannu rabbana. A Suratun Nahli, aya ta 8, da aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, an ba su amfani biyu ne a jere, hawa da kuma ado, sannan ayar ta rufe da batun halittar abin da mutane ba su sani ba, inda masu tafsiri da yawa na wannan zamani suke hango mota da jirgi. Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi (SAW) ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da gida mai yalwa da maƙwabci nagari. Gudun ma ba a bar shi a baya ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan cikin gari, ta kawo cewa an yi tseren dawaki a Madina da izinin Annabi (SAW), horarru daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu zango. Shi kansa yana da taguwa, Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, har ran da wani baƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, shi kuwa sai ya nuna musu cewa haka Allah yake yi da duk abin da ya ɗaukaka a duniya, yana sauke shi. Ke nan an san daɗin gudu, an kuma san haushin a wuce mutum a hanya, tun kafin a ƙera sitiyari.

Da wani ya tambaya ko son tufafi da takalma masu kyau girman kai ne, amsar da Muslim ya ruwaito ita ce a'a. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka malamin da ya ga mota mai sheƙi ya yanke wa mai ita hukunci nan take, ya yi gaggawa.

Sai dai saurayin ma kada ya yi saurin murna. Hadisin da ya fi dacewa da shi shi ne wanda ya kasa masu doki gida uku: wani dokinsa lada ne gare shi, wani sutura, wani kuma zunubi, wato wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya. Dabba ɗaya, hukunci uku. Ƙasar nan ta san wannan kashi na uku tun farkon kafuwarta. Malam Yakubu ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ya kafa Bauchi, kuma a daidai waɗannan shekarun ne ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, ya ga yadda wasu jagororin jihadi suka karkata ga tufafin alfarma da dawakin yawo cikin gari, ransa ya ɓaci har ya bar jama'a ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Ya rubuta kukan nasa a Tazyinul Waraƙat. Malam Abdullahi bai ƙi doki ba, a kansa ya yi yaƙi. Abin da ya ƙi shi ne dokin da aikinsa kawai a gan shi.

Matsalar ita ce niyya ba ta fitowa a jikin gilashi. Babu ɗan majalisar da zai iya leƙa zuciyar direba. Amma akwai abin da ido ke gani, lissafi kuma yana kama shi: wa ke biyan kuɗin wannan daɗi? Idan mai motar ne shi kaɗai, daga rarar aljihunsa, magana ta ƙare. Idan kuwa wasu ne ke biya ba da yardarsu ba, nan hukunci yake sauyawa.

Masu biya na farko suna cikin gida. Dattawan Bauchi suna tuna lokacin da mota ba ta gagari ma'aikaci ba. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo hannu a 1975, a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, sai malamin makaranta ya ci bashin mota a wurin aiki ya fito da 504 sabuwa dal. Ita Bauchi rabonta a wancan tsarin shi ne kamfanin Steyr, mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci, abin hawan aiki zalla. Yau kusan kowa tsohuwa yake saya, 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam, ko ma wadda ta riga ta zaga hannu uku a cikin ƙasa. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a ranar 1 ga Janairun 2017. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024, ta ja farashin mota da na kayan gyara suka bi ta. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuɗin da da ƙyar zai cika tankin babbar mota sau ɗaya.

Dillali ba zai kawo wannan lissafi ba. Nasa shi ne, “Alhaji, wannan ba ta shan mai, ɗora ƙafa kawai ka ji.” Bakanike ne mai faɗin gaskiya, domin shi zai kwana a ƙarƙashinta. Shi ya san mai silinda shida ta fi mai huɗu shan mai, ya san wadda za a samu kayanta a cikin gari kafin azahar da wadda sai an aika Kano ko Legas a jira mako. Ba banza ba Corolla da Golf da 406 suka cika titunan Arewa. Ita ma Vibe da ake rububi, sunan Pontiac ne a goshinta amma injinta na Toyota ne, tagwaiyar Matrix ce, shi ya sa kowane gareji ya san cikinta.

Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya jera bukatun ɗan Adam hawa uku a littafinsa Muwafaƙat: na dole, na bukata, da na ƙawa, kuma ba a rushe na ƙasa don a gina na sama. Ciyar da iyali wajibi ne, kuɗin makaranta da na asibiti suna kusa da shi, ƙarar inji kuwa ƙawa ce. Don haka almubazzaranci ba ya da farashi ɗaya. Ɗan kasuwar Muda Lawal da ya fitar da zakkarsa, gidansa a ƙoshe, ya sayi jif da rarar ribarsa, bai yi laifi ba. Ma'aikacin da ya sayi motar da ba ta kai kwatan wannan ba, amma tun daga ranar cefane ya ragu, uwargida ta fara sayar da 'yan kunnenta, shi ne ya wuce gona da iri, ko da motar tasa ba ta burge kowa.

Sai mai bin bashi. Bashin ruwa dai ba a ja a kansa. Tun da Jaiz ya buɗe a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, an samu wata ƙofa, murabaha: banki ya sayi motar ta zama tasa, ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, a biya kaɗan-kaɗan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince a zamanta na Jidda a 1990 cewa farashin biya a hankali yana iya fin na kuɗi hannu, muddin an yanke shi tun farko kuma ba a ƙara komai don an yi jinkiri. Amma halaccin ciniki dabam, dacewar cin bashin dabam. Annabi (SAW) ya ci bashi, har ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude, sai dai sha'ir ya karɓa don abincin gida. Shi ne kuma aka kawo masa gawar mai bashi ya ja da baya, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace ta. Wanda zai ɗaure albashin shekara uku ko huɗu saboda motar zuwa aiki yana da uzuri. Wanda zai yi haka don a juyo a dube shi a Yelwa, uzurinsa siriri ne.

Mai biya na uku shi ne wanda ba a taɓa shawara da shi ba, mai tafiya a ƙasa. A nan ne bambancin doki da mota yake fitowa fili. Mahayin sallah yana sukuwa ne a filin da dogarai suka share, a lokacin da kowa ya sani, jama'a sun ja gefe. Mai mota kuwa yana tasa sukuwar a Wunti, tsakanin Keke Napep da 'yan makaranta da almajirai da mai tura baro, ko a ayarin rakiyar amarya inda samari ke juya mota kamar ba rai a cikinta.

Fiƙihun Malikiyya bai jira zuwan mota ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda duk ɗalibin zaure ya bi ta kanta, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. A 1993, a zamanta na Burunai, Majalisar Fiƙihun nan ta ɗauko wannan ƙa'ida ta ɗora a kan direba, ta kuma ce bin dokokin hanya wajibi ne na shari'a, ba alfarma ake yi wa jami'an Road Safety ba. Dokar Najeriya a bayyane take ga ƙaramar mota ta gida: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motocin haya an tilasta musu na'urar taƙaita gudu tun 2017. Masu motocin gida an bar su da imaninsu.

Lissafin ba ya goyon bayan mai ƙure maleji. Daga Bauchi zuwa Jos kusan kilomita 130 ne. Mai tafiya a 80 zai yi awa ɗaya da kusan minti 38, mai 120 zai yi awa ɗaya da minti biyar, in har hanyar ta zama babu Nabordo, babu Magama Gumau, babu Tilden Fulani da kasuwanninsu na bakin titi. Ribarsa rabin awa. Abin da ya saya da ita kuwa shi ne ƙarfin karo da nisan tsayawar birki da suka ninka fiye da sau biyu, domin su ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya duk shekara.

Idan abin ya faru sai a ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wannan magana ta masu ta'aziyya ce, ba ta direba ba. Shari'ar da ta koyar da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure: raƙuma 100 ko dinari 1,000, fiye da kilo huɗu na zinare, da azumin wata biyu a jere. Diyyar kuma dangi ne ke haɗa ta. Ga wasu masu biyan ke nan, baffanni da 'yan uwan da ko sau ɗaya ba a rage musu hanya ba.

Wannan bai sa ƙarfin inji ya zama aibi ba. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hawan Jos ya san amfanin motar da ke amsawa idan an taɓa totur. Wani lokaci ita ce ke fitar da mutum. Yadda Annabi (SAW) ya sauko daga Arfa ya isa misali. Usama ɗan Zaidu, wanda ke goye a bayansa, ya ce tafiya yake yi matsakaiciya, idan ya samu sarari sai ya ƙara sauri. Da ya ji hayaniya da dukan raƙuma a baya, sai ya yi nuni da bulalarsa ya umarci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa gaggawa ba ita ce aikin alheri ba. Yana da dabba mai gudu, amma cunkoson jama'a ne ke yanke masa lokacin sakinta.

Saurayin Titin Ahmadu Bello yana da haƙƙin son motarsa, kuma majalisa ba ta da hurumin karanta zuciyarsa. Tana da hurumin tambayarsa ko an yi cefane, ko bashin wa ke kansa, ko tayoyin nan da birkin nan za su tsaya idan yaro ya ɓullo daga lungu.  Ya kamata limaman Juma'a na garin nan su ware wata Juma'ar, musamman gab da sallah da lokacin bukukuwan aure, su karanta wa jama'a babin lamuni na Risala, su kuma faɗa musu cewa iyakar gudu cikin gari kilomita 50 ce.