Malami a Fagen Fama

Wanda ya shiga yaƙi ba shi da makami sai littafi da addu'a, shin ya cancanci lambar jaruntaka? In kuwa ya karɓa, ladansa ya ragu ke nan?

A Yaƙin Duniya na Farko an yi wani limamin Kirista na Ingila, ana ce da shi Theodore Hardy. Ya shiga soja cikin 1916 yana da shekara hamsin da ɗoriya, bayan an sha mai da shi saboda tsufa. Ba ya riƙon bindiga. Aikinsa shi ne ya bi ramukan yaƙi da dare, ya zauna wurin wanda aka harba, ya jawo shi baya in da hali. Wata rana igwa ta rusa rami, ƙasa ta danne mutane, ya yi ta haƙa ana ruwan wuta har ya fid da ɗaya da rai. Cikin 1918 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya maƙala masa Bikitoriya Kuros, watau lambar da babu ta fi ta a sojan Ingila. Aka so ya bar bakin daga, ya ƙi. Watan Oktoba aka harbe shi, ya mutu saura kwana 24 a gama yaƙin.

Wasu za su ce mai aiki don Allah ba ruwansa da lamba, karɓarta ma riya ce. Amma fa riya cikin niyya take, ba cikin bakin masu yabo ba. Wanda ya koma rami da lamba a ƙirjinsa, ai ba lambar ya je nema ba.

Aibin lamba wani ne dabam: ba ta auna kome sai abin da hafsa ya gani ya rubuta. An ruwaito cewa mahaddatan Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada a Tsuntsuwa cikin 1804, ba mai rataya musu kome. A yaƙin Bama kuma, daga 1943 zuwa 1945, bataliyoyin Nijeriya sun tafi da limamansu. Tsohuwar da ke Roni ko Gwiwa, in ɗanta ya kwanta dama cikin kurmin Kaladan, ba za ta tambayi wa aka ba lamba ba. Abin da za ta tambaya shi ne, an yi masa wanka da salla, an kuma fuskantar da shi alƙibla?